Ƙungiyoyin Matasa Musulmi na Unguwa a Ƙasar Hausa: Wa Ke Riƙe da Ragamarsu?

Tsakure

Maƙalar ta dubi ƙananan ƙungiyoyin da samari da 'yan mata Musulmi ke kafawa a unguwanni da masallatai da makarantu a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Ra'ayin da take karewa shi ne, amfanin irin wannan ƙungiya ya rataya ne a kan abu biyu: matasan da kansu su riƙe aiki da kuɗi da shawara, kuma a gaban idon manyan da suka san su, suka kuma san iyayensu. An kafa hujja da tarihin sarautar samari, da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, da rundunonin agaji, da Samariya ta Nijar, sannan an amsa sukan da ake yi wa waɗannan ƙungiyoyi, musamman zargin cewa su ne ke ƙyanƙyashe tsattsauran ra'ayi.

Gabatarwa

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kusan rabin mutanen Nijeriya ba su wuce shekara 18 ba, a Nijar kuwa rabin jama'a ba su kai shekara 16 ba. Wannan yawa kowa ya san da shi. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda samartaka kanta ta yi tsawo. A da, yaro yana sauke Alƙur'ani ko yana iya riƙe garma, ba a daɗewa za a yanka masa gayauna, a nema masa aure, ya shiga sahun magidanta. Yanzu saurayi kan gama sakandare yana ɗan shekara 17 ko 18, sannan ya shafe shekara goma ko fiye kafin ya iya haɗa lefe da sadaki da kuɗin haya. A tsawon wannan lokaci makarantar Islamiyya ta yaye shi, ta boko ta sallame shi, gida ya daina tambayar inda ya kwana muddin ya shigo da safe ya gaida mahaifiyarsa, kasuwa kuwa ba ta ba shi rumfa ba tukuna. Ba shi da wata hukuma da za ta ce shi nata ne. Masu neman irin wannan saurayi kuwa ba su yi barci ba. Ɗan siyasa yana nemansa don jagaliya, kuma sunayen da garuruwa suka ba wannan sana'a, 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, sun isa shaida. Dillalin ƙwaya ma yana nemansa: rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tambayar da ke gaban malamai da iyaye ita ce wa zai riƙe saurayi da budurwa a waɗannan shekaru. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a ƙara wa'azi. Wannan maƙala tana ganin wa'azi bai taɓa yin ƙaranci a ƙasar Hausa ba, balle yanzu da kowace waya ke ɗauke da malamai goma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za a ɗora wa matashi amana, a kuma tambaye shi yadda ya yi da ita.

Tushen al'amarin

Tsara matasa cikin ƙungiya ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda samari da 'yan matan ƙauyukan ƙasar Hausa ke da ƙungiyoyinsu masu sarautu irin na manya, suna shirya wasanni da bukukuwa, suna hukunta wanda ya saɓa a cikinsu. Sarkin samari shi ke tara jama'a idan an kira gayya, ko ta noma ko ta gyaran hanya ko ta yaɓen masallaci. Manya suna kallo, suna tsawatarwa idan an wuce gona da iri, amma ba su ke zaɓar wanda zai yi shela ko wanda zai riƙe goro ba. Wannan tsari yana da aibinsa, domin wasu wasannin dandali malamai sun daɗe suna sukarsu, kuma da hujja. Sai dai lokacin da birni ya haɗiye ƙauye, aka kuma tsuke dandali, wasan da aikin tare suka tafi. Ba a samar da wani wuri da yaro ɗan shekara 16 zai ɗanɗani shugabanci a tsakanin tsaransa ba.

Ƙungiyoyin addini na zamani su ne suka fara cike wannan gurbi, kuma yana da kyau a lura da waɗanda suka kafa mafi daɗewa a cikinsu. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MSS, an kafa ta ne a Legas a 1954, kuma 'yan sakandare ne suka kafa ta, da yawansu ɗaliban makarantun mishan da ke jin addininsu ba shi da gurbi a jadawalin makaranta. Shugabanta na farko, Abdullaɗif Adegbite, saurayi ne a lokacin, kuma shi ne daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Babu wata gwamnati ko attajiri da ya zana musu tsari. Daga can ƙungiyar ta hauro Arewa, ta yi ƙarfi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero ta Kano, ta kuma sauka har ƙananan makarantun sakandare, inda ake da amir da amira da sakatare da ma'aji, duk 'yan makaranta. A ɓangaren ɗariƙa, Fityanul Islam ta kafu a Kano a 1963 ƙarƙashin Shaihu Mudi Salga. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 ta samar da rundunar agajinta, haka ma Izala wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978. Waɗannan ukun manya ne suka kafa su, ba kamar MSS ba, amma reshen agajinsu na unguwa, inda ainihin rayuwar ƙungiya take, a hannun samari yake gudana.

Abin da ake koya a reshe

Wanda yake son sanin abin da ƙungiya ke yi wa matashi, kada ya tsaya a babban taron ƙasa inda ake jera motoci da lasifika. Ya je zaman mako na ƙaramin reshe, a zauren wani dattijo ko a ajin Islamiyya bayan sallar Isha'i. Samari ashirin ko talatin ne a kan tabarma. Sakatare ya buɗe littafin rajista mai bangon kwali, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda bai zo ba a tambayi maƙwabcinsa ko lafiya. A karɓi kuɗin mako, wanda sau da yawa bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ma'aji ya tashi ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita: an sayi batir na fitila, an gyara makara, an kai wa wani ɗan ƙungiya da ke kwance a asibiti gudummawa. Wani ya ɗaga hannu ya ce lissafin bai cika ba, a sake bi layi-layi har a gano inda aka manta rubutawa. Daga nan a raba aiki: su wa za su yashe kwata kafin damina ta sauka, su wa za su cike ramukan da ruwa ya zaftare a maƙabarta, su wa za su tsaya ƙofar masallaci a daren tafsiri. Ranar Idi, waɗannan samari ne za a gani tun da asuba cikin kaki da hula da usur, suna shimfiɗa igiya don daidaita sahu, suna raba hanyar mata da ta maza, suna ɗauke tsohon da jiri ya ɗebe. Haka suke yi a sansanin alhazai da wurin jana'iza da wurin Maulidi.

Kowane ɗayan waɗannan ayyuka ƙarami ne, amma a haɗe suna koyar da abin da aji ba ya koyarwa. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban tsaransa ya kare lissafin kuɗin da ba nasa ba ya san nauyin amana ta hanyar da jin hadisi kaɗai ba zai sanar da shi ba, ko da yake hadisin ne ya ba aikin ma'anarsa. Wanda aka kayar a zaɓen amir, ya dawo mako mai zuwa ya zauna a ƙarƙashin wanda ya kayar da shi, ya koyi wani abu game da mulki da manyan 'yan siyasa da yawa ba su koya ba. Sansanin hutu da MSS ke shiryawa, wanda ake kira IVC, misali ne mai kyau: ɗalibai ne ke neman makarantar da za a sauka, su yi cinikin mota, su auna shinkafar da za ta ciyar da ɗaruruwa, su gayyato malamai, su tsara wanda zai tashi mutane sallar Asuba. Laccocin da ake yi a can ana iya samun irinsu a rediyo. Ɗawainiyar shirya taron kuwa ba a samunta sai an yi ta. Kuma wannan bai saɓa wa tarihin Musulunci ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Mus'ab ɗan Umair Madina ya karantar da mutanenta kafin hijira, ya ɗora Usama ɗan Zaid a kan runduna yana saurayi alhali manyan sahabbai na cikinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi, wajen 1774. Al'ummar da ke karanta wannan tarihi a kowace Islamiyya, sannan ta ƙi amincewa ɗan shekara 22 ya riƙe makullin ɗakin ajiyar masallaci, akwai tazara tsakanin abin da take karantarwa da abin da take aikatawa.

Idan ragama ta koma sama

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa mallakar matasa ita ce ran ƙungiya tana fitowa ne daga wuraren da aka karɓe wannan mallaka. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da tsohuwar samariya ta gargajiya, ta mai da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya, mai rassa tun daga unguwa har birnin Yamai. An yi ayyuka na gaske da ita: gina azuzuwa, dashen itatuwa, tsabtace gari, bukukuwan al'adu. Amma umarni daga sama yake saukowa, shugabanni kuma masu yi wa hukuma biyayya ne. Da Kountché ya rasu a 1987, aka kuma yi Babban Taron Ƙasa a 1991, Samariya ta bi tsarin da ya raine ta, ta dusashe. Matasan ba su daina taruwa ba. A shekarun 1990 sai fada ta bazu a Yamai da Damagaram da Maraɗi da Dogon Dutsi: samari su kafa benci a bakin titi, su rubuta sunan fadarsu a bango, su ɗora butar shayi a kan gawayi, su raba dare suna hira. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 a kan fada, ta nuna cewa wannan zama ba zaman banza ba ne kawai, domin yana da dokoki da shugabanni da karo-karo, wasu fadojin ma suna gadin unguwa da share tituna. Wato abin da gwamnati ta kasa rayawa da kuɗinta, samari marasa aikin yi sun raya shi da kuɗin sukari da ganyen shayi, saboda nasu ne. Sai dai a Damagaram an ga ɗaya fuskar, inda wasu gungun da ake kira fale suka koma ƙungiyoyin ƙarfi da faɗa, kamar yadda fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan unguwar Kara-Kara ya nuna. Waɗannan sun mallaki kansu sarai, abin da suka rasa shi ne babban da zai leƙo, wanda suke jin kunyarsa.

A Kano an ga wani salo na wannan sauyi. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, ƙungiyoyin sa-kai na hisba sun ɓullo a unguwanni, da yawansu daga cikin 'yan agaji. A 2003 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Hisba, aka shigar da aikin ƙarƙashin gwamnatin jiha. Akwai dalili mai kyau na yin haka, domin duk aikin da ya shafi kama mutum ko shiga tsakanin ma'aurata ba a barinsa a hannun wanda babu dokar da ta ɗaure shi, kuma sulhun da hukumar ke yi a rigingimun aure da bashi ya rage wa kotuna nauyi. Abin lura a nan shi ne, daga ranar da ɗan sa-kai ya koma mai jiran alawus, ya tashi daga ɗan ƙungiyar matasa ya zama ma'aikaci. Unguwa ta samu jami'i, amma wurin da ƙaninsa ɗan shekara 15 zai shiga ya koyi riƙon amana bai ƙaru ba. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa gab da zaɓe, lokacin da ɗan takara zai kawo wa reshe buhunan shinkafa da sababbin kaki da babur. Ƙungiyar da ta shekara goma tana tafiya da kuɗin mako sai ta wayi gari tana rigima a kan rabon abin da ba ta tara ba. Kuɗin mako yana sa kowane ɗan ƙungiya ya ji yana da bakin tambaya. Kyautar ɗan siyasa kuwa shugaba kaɗai ya san adadinta.

Zargin tsattsauran ra'ayi

Suka mafi nauyi da ake yi wa ƙungiyoyin matasa Musulmi shi ne cewa daga cikinsu fitina ke fitowa, kuma bai kamata a yi wa wannan suka riƙon sakainar kashi ba, domin jinin da aka zubar na gaske ne. Masu wannan ra'ayi suna nuni da cewa Ibrahim Zakzaky daga shugabancin MSS a Zariya ya fito a ƙarshen shekarun 1970 kafin ya kama tasa hanyar bayan juyin juya halin Iran na 1979. Cewa rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Cewa Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a cikin matasan da ke halartar karatu a masallacin Indimi na Maiduguri ya fara yin suna. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka dubi ƙungiyoyin da suka kai ga ɗaukar makami, za a ga sun rabu da reshen unguwa da aka siffanta a sama a daidai wuraren da wannan maƙala ke cewa su ne ginshiƙi. Mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine, waɗanda tarzomarsu ta Disambar 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, akasarinsu gardawa ne da 'yan ci-rani da suka baro garuruwansu, kamar yadda Paul Lubeck ya bayyana, suka tare a 'Yan Awaki a ƙarƙashin mutum guda da ba a tambayarsa. Markaz ɗin da Yusuf ya gina a Maiduguri kafin rikicin Yulin 2009 ya zama gari a cikin gari: a can ake ci, a can ake samun jari, a can ake ɗaura aure, kuma ana koya wa saurayi cewa mahaifinsa ma'aikacin gwamnati da limamin unguwarsu duk a kan ɓata suke. Babu zaɓe, babu ma'ajin da zai karanta lissafi, babu dattijon unguwa da zai leƙo. Matasa ne suka cika waɗannan wurare, amma ba su ke riƙe da su ba. Malaman da suka fi kowa sanin Yusuf, irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, sun fito fili sun yi masa raddi tun kafin hukuma ta farga.

Binciken da ƙungiyar Mercy Corps ta fitar a 2016, bayan hira da tsofaffin 'yan Boko Haram 47, ya ƙara haske a nan. Ya gano cewa abokai da 'yan'uwa da abokan sana'a su ne suka fi jawo mutum ciki, kuma da yawa sun shiga ne da fatan samun rance don bunƙasa ƙaramar sana'arsu. Ma'ana, abin da saurayi ya je nema shi ne tsara da jari da wurin da za a san da zamansa. Waɗannan buƙatu ba sa gushewa don an rufe reshen agaji ko an hana MSS taro a makaranta. Abin da rufewar ke yi shi ne ta bar fagen ga wanda ke aiki a ɓoye.

Batun Kafanchan ya fi wuyar amsawa, domin MSS ƙungiya ce mai zaɓe da tsari. A nan dole a yarda cewa mallakar matasa ita kaɗai ba ta wadatar ba, shi ya sa ra'ayin wannan maƙala yake da sharaɗi na biyu. Harabar kwaleji wuri ne da aka tara samari nesa da iyayensu da masu unguwanninsu, babu wanda ya san su tun suna yara, ga zafin jini, ga jita-jita. Inda reshen makaranta ke da uban ƙungiya na gaske, malami mai natsuwa da ɗalibai ke jin nauyinsa, wanda kuma yake gaisawa da takwaransa na ɓangaren Kirista, akan kashe wutar tun tana ƙarama. Tarihin Imam Muhammad Ashafa na Kaduna ya nuna cewa hanyar da ta kai saurayi fagen faɗa tana iya dawo da shi. Shi jagora ne a Majalisar Ƙungiyoyin Matasa Musulmi ta Ƙasa, Fasto James Wuye kuma jagora a reshen matasa na ƙungiyar Kiristoci. A rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka fara aikin sulhu tare, wanda ya zama cibiyar sasanci tsakanin addinai, suka kuma shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam a Filato. Abin da ya sa maganarsu ta yi tasiri shi ne suna da samarin da ke jin kiransu, kuma a ƙungiya suka same su.

Rarrabuwa, sana'a, da 'yan mata

Ana kuma cewa waɗannan ƙungiyoyi suna gadar wa yara gabar Izala da ɗariƙa. Akwai gaskiya a ciki, kuma waɗanda suka ga shekarun 1980 sun san yadda aka yi ta rigima a kan masallatai da limanci. Sai dai gabar ta fi zafi a kan mumbari da cikin waya fiye da bakin kwata. Ambaliya da gobara da haƙar kabari ba sa tambayar mutum ko yana wazifa, kuma reshen da aikinsa na unguwa ne dole ya haɗa kafaɗa da maƙwabcinsa.

Masu cewa matashi aiki yake buƙata ba taro ba, su ma ba su yi ƙarya ba, kuma babu reshen agajin da zai maye gurbin masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka durƙushe. Amma a duba yadda ake samun abin yi a ƙasar Hausa. A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, uban gida ba takardar makaranta yake tambaya ba kafin ya ba yaro makullin shago ko ya ba shi kaya bashi. Tambayarsa ita ce wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Ɗan attajiri yana da masu tsaya masa tun daga haihuwa. Ɗan talaka kuwa, shekara uku da ya yi yana riƙe da asusun reshe ba a taɓa samun gibi ba, a gaban liman da mai unguwa, ita ce shaidar da zai nuna. Don haka duk hukuma ko ƙungiyar agaji ta waje da ke son taimakawa, gara ta koya wa ma'aji tsara lissafi, ta ba reshe aron aji don taro, ta sauƙaƙa masa rajista a ƙaramar hukuma, da ta sa shugabanninsa a jerin masu karɓar alawus.

Inda sukan ya fi kama ƙungiyoyin shi ne batun 'yan mata. Kusan duk abin da aka faɗa a sama game da agaji da fada na maza ne. Yarinya tana da Islamiyya har ta yi sauka, matar aure tana da makarantar dare da rassan Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya A'isha Lemu a matsayin amira ta farko. Budurwar da ke tsakanin shekara 15 da ranar aurenta, wadda ita ma zamanta a gida ya ƙara tsawo, ita ce ba ta da wuri, in ba ta dace da makarantar da ke da reshen MSS mai rai ba. Ko a can ma, sau da yawa ɓangaren mata suna ne kawai: amira tana nan, amma asusu da jadawali suna hannun maza, 'yan mata kuwa girki da shara ake bar musu ranar taro. Damuwar iyaye game da inda 'yarsu za ta je, da wa za ta haɗu, da lokacin da za ta dawo, damuwa ce ta halal, kuma ƙasar Hausa ta riga ta taɓa warware ta. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, mace dattijiya amintacciya, ta ɗora mata malfa, ita kuma ta jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su karantar, su kula da marasa lafiya, su yi wa mamata wanka. Mata ne ke tafiyar da shi tun daga sama har ƙasa, a ƙarƙashin babbar da iyaye suka yarda da ita, kuma ya ci gaba bayan rasuwar wadda ta kafa shi. Reshen 'yan mata na yau da zai zauna da rana a cikin gidan wata malama da unguwa ta sani, da asusunsa a hannun ma'ajiyarsa, da aikinsa na koya wa ƙanne karatu da duba masu jego da marayu, bai nemi wani izini da Asma'u ba ta riga ta samu daga malaman Sakkwato ba.